Shirun da Fermin Ya Yanke

Shekara tara Fermin Cardozo ya yi zaune a ramin makaɗa, ƙasan dandamali, yana kallon haƙarƙarin mace ɗaya. Kada wani ya kawo komai a ransa, aikinsa ke nan. Shi ne mai fiyano kuma shugaban makaɗa a wasan Matar Bakin Kogi, wanda ake yi a wani tsohon gidan wasa da ke titin Corrientes, Zulema Arrieta kuwa ita ce matar bakin kogin. Ba ta taɓa rera waƙa iri ɗaya sau biyu ba. Duk wanda zai yi mata kiɗa sai ya manta da takardar da ke gabansa ya bi numfashinta, kuma kaf Buenos Aires Fermin kaɗai ya iya wannan.

A kashi na biyu na wasan akwai inda uwa take tsayawa a tashar jiragen ruwa da kwandon wanki a kwankwaso, tana rera wa ɗanta da jirgi ya tafi da shi bai dawo ba. Gab da baitin ƙarshe sai ta ƙwala masa kira, ta tsaya tana saurare. Kiɗa ya ɗauke. Fermin ya riƙe hannuwansa a sama, masu goge su daskare yadda suke, kowa ya jira. Ba a rubuta tsawon wannan shirun a ko'ina ba. Ranar da gidan ya cika da masu tari da ƙarar ledar alawa, sai ta taƙaita. Ranar da ta ji a jikinta akwai wata uwa a layi na biyar da ta toshe baki da hankici, sai ta ja shi har mutum ya fara jin bugun zuciyarsa. Fermin na ganin haƙarƙarinta ya ɗaga, sai ya sauke yatsunsa tare da muryarta. Saboda shirun nan mutane suke tahowa tun daga garin Rosario, wasu sau uku, wasu sau huɗu.

Ana nan sai ga maganar fim. Daraktan, Gaston Medrano, ɗan shekara arba'in ne mai hular hana sallah da takalmin gudu, irin mutanen nan masu daɗin baki da kowa ya zama Maestro, wato babban gwani, a wurinsu. Masu kuɗin sun so a ba wata yarinyar talbijin matsayin uwar, shi ya kafe sai Zulema. Ita kuma ta yarda da sharaɗi ɗaya.

"Ku sa mini ruwan sama, ku kawo jirgi na gaske, ku rage mini shekara goma in kun iya," in ji ta. "Amma ranar da wani ya taɓa mini waƙar nan, na ɗauki jakata."

Fermin aka ba shugabancin kiɗan fim ɗin. Shekararsa sittin da uku, arba'in daga ciki a rami ya yi su, 'yan kallo ba su san komai nasa ba sai sanƙonsa da ke ƙyalli in an kunna fitila. Da Gaston ya ce masa sunansa zai fito shi kaɗai a allo, kwana ya yi yana juyi don murna, kuma babu wanda zai ga laifinsa a nan.

Aikin fim daban yake da na dandamali. Ana fara naɗar waƙa ne a situdiyo, sai ranar ɗauka a kunna ta a lasifika, mai wasa ya bi ta da baki. Zulema ta zo situdiyo da safe, ta cire takalmi, ta rufe ido, ta rera sau ɗaya. Ta mayar da takalminta ta yi gaba ba tare da ta saurara ba. Haka take tun fil azal, ba ta jin muryarta a faifai, tana cewa kamar mutum ne ya tsaya yana shinshina rigar da ya cire.

Ƙofa na rufewa Gaston ya matso da kujerarsa.

"Maestro, shirun nan sakan goma sha bakwai ne. Na duba agogo."

"Ranar Lahadi ta yi ashirin da biyu, ko tari babu wanda ya yi."

"A gidan wasa ke nan. Can suna ganinta da jini da tsoka, suna tsoron ko faɗuwa za ta yi. A silima mutum na zaune da gugguru a cinya. Hoto ya yi shiru sakan biyar, sai ya waiwaya ya ga ko inji ne ya lalace."

"To ka gaya mata da bakinka."

"In gaya mata? Haba Maestro, a gabanka fa ta yi magana. Gobe ta ɗauki jakarta, jibi su kawo yarinyarsu, ita kuma ta taho da mai kiɗanta. Ni da kai mu koma gida mu yi ta ba tattabaru hatsi. Sakan uku nake so. Kai kaɗai ka san inda za a sa almakashi ba a ga ɗinki ba."

Daga baya Fermin ya sha gaya wa kansa cewa don Zulema ya yi, don kada a ƙwace mata fim. Rabin gaskiya ke nan, ɗaya rabin shi ma ya san shi. Ya zauna gefen mai inji ya nuna masa wurin. Ya bar kiran, ya bar ɗan jan numfashin nan da take yi kafin ta shigo, ya cire duk abin da ke tsakani. Da aka kunna, shi kansa sai da ya yaba aikin.

Bayan sati uku aka fita ɗauka a bakin kogi, da sanyin safiyar watan Yuli. Mutum ya fi sittin a wurin. An ɗaura bututai a sama suna zubo ruwa, an kawo wani tsohon jirgi an yi masa sabon fenti. Zulema ta tsaya jiƙe sharkaf da kwandonta, aka kunna waƙa, tana bi. Ta ƙwala kiran, ta karkata kunne wajen ruwa, ta tsaya. Sai muryarta ta fito daga lasifika ta ci gaba da baitin ƙarshe, bakinta kuwa a rufe.

Wani a cikin masu fitilu ya yi dariya, aka harare shi. Aka sake. Haka ta ƙara faruwa. A karo na huɗu Zulema ta ajiye kwandon, ta share ruwa daga fuskarta, ta nemo Fermin da ido inda yake tsaye bayan kyamara da bargo a kafaɗa.

"Dogo," ta ce, don haka take kiransa, "haka na rera?"

Kowa ya juyo. Gaston ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Haka kika rera, Zule."

"Ka tabbata? Ni fa ji na yi na daɗe."

"Ba ni na kaɗa miki ba?"

Ta zuba masa ido. Ya zaci zagi za ta ɗura masa, da ma hakan ta yi ya fi masa sauƙi. Sai ta gyaɗa kai, ta ba ma'aikatan haƙuri, ita da ba a taɓa jin ta ba kowa haƙuri ba. Sai a karo na ashirin da ɗaya aka samu, bayan ta koyi ƙirga uku da yatsunta a ɓoye cikin kayan wankin.

Da aka tashi ya same ta a ɗakin sauya kaya, naɗe cikin tawul, da ƙoƙon mate, shayin ganyen ƙasarsu, a hannu. Ta zuƙa, ta ƙara ruwan zafi ta miƙo masa.

"Haka Mama ta fara," ta ce. "Ka tuna? Ta rantse ta kashe gas, a je a tarar yana ci."

Ya tuna mana. Shekara shida Zulema ta yi tana jinyar mahaifiyarta, Donya Herminia, har tsohuwar ta koma tambayarta ko ita ce sabuwar 'yar aiki. Fermin na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar. Nan ne wurin da ya kamata ya buɗe baki, babu kowa sai su biyu, babu kyamara. Ya zuƙi maten har ƙoƙon ya yi ƙara, ya ce mata gajiya ce kawai da sanyi.

Wata takwas bayan haka fim ya fito, kuma ya karɓu. A shagunan pizza na titin Corrientes, inda ake ci a tsaye, musu ya kaure tsakanin masu cewa fim ya fi da masu cewa ko kusa. 'Yan fim suna cewa a wasa sai ka biya kuɗin layin gaba kafin ka ga idonta, a nan kuwa hawayenta kaɗai ya kai girman ƙofa, ga kogi na gaske maimakon shuɗin ƙyalle da mutum biyu ke kaɗawa. 'Yan dandamali suna cewa akwai abin da ya ɓace, amma in an tsare su da tambaya sai su kasa faɗin ko mene ne. Fermin ya sani. Ya je ya kalla shi kaɗai da rana, ya zauna can baya. Fim mai kyau ne, ba zai ƙi faɗa ba. Amma da aka zo wurin, uwa ta kira ɗanta, ta jira sakan uku, ta ci gaba da waƙarta. Na kusa da shi bai ko daina tauna ba. Sunan Fermin ya fito a ƙarshe shi kaɗai a allo, da manyan baƙaƙe, lokacin an kunna fitilu, mutane sun juya baya suna neman ƙofa, wata mata tana share gugguru tsakanin kujeru.

Da a fim abin ya tsaya, da ya iya haɗiyewa. Amma tun da aka koma dandamali Zulema ta daina yarda da kanta. Kullum aka zo wurin kiran, sai Fermin ya ga yatsunta suna motsi cikin kwando, ɗaya, biyu, uku, ta shigo. Ya gwada riƙe hannuwansa a sama don ya ba ta fili, sai ta leƙo ramin a firgice kamar ɗalibar da ta manta karatu, dole ya sauke. Sababbin 'yan kallo, waɗanda fim ya kawo, ba su ga wata matsala ba. Abin da suka gani a silima shi suka zo nema, sun kuma samu, har da masu taya ta rerawa.

Tsohuwar da ke nuna wa mutane kujeru ce ta tare shi a matattakala wata Lahadi.

"Maestro, me ya sami Donya Zulema? Yanzu kiran yaron nan take kamar mai tsayar da tasi."

"Shekaru ne," ya ce, ya wuce da sauri. Kafin ya kai ƙasan matattakalar ya tsani kansa, don ya ga ƙaryar ta fara fito masa ba tare da ya neme ta ba.

Abinci ya daina yi masa daɗi. In Zulema ta rungume shi bayan wasa ta ce, "Na gode, Dogo, yau ma ka rufa mini asiri," sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sau biyu ya je ƙofar ɗakinta da niyyar faɗa, ya ƙare da tambayarta ko tana da maganin mura. Ya kira Gaston, Gaston ya ce yana Madrid, kuma abin da ya wuce ai ya wuce, Maestro, ka ga yadda jaridu ke yabonta kuwa?

Sai wata Lahadi bayan wasan yamma Zulema ta tara 'yan wasan duka a dandamali, ba ta ko wanke kwalliya ba, ta ce ƙarshen wata za ta ajiye wasan. Ta ce gara ta sauka da ƙafarta tun tana gane hanyar matattakala. 'Yan rawa suka fashe da kuka. Fermin ya tsaya riƙe da takardun kiɗa.

Ranar Talata ba a wasa. Da ƙarfe uku ya sayi biredin zaƙi rabin dozin, ya hau bas zuwa unguwarsu Zulema, Almagro. Ya fi shekara rabonsa da gidanta. Ta buɗe masa ƙofa sanye da rigar gida.

"Ah, Dogo! Wa ya mutu? Shigo mana, ka tsaya kamar mai karɓar kuɗin wuta."

A kicin ya ga takardun. Ƙananan takardu masu ruwan ɗorawa, manne a ko'ina, da rubutunta mai karkata. A jikin murhu: Kin kashe gas? A ƙofa: Makulli, tabarau. A kan kowace durowa sunan abin da ke ciki, cokula, tawul, ashana. Ta ga yana kallo, ta yi dariya.

"Shiri nake tun da sauran hankalina. Mama ba ta samu wannan ba. Zauna in ɗora ruwa."

"Zule, kada ki ɗora. Zauna ke ma."

Ya faɗa mata a tsaye, idonsa kan ledar biredin. Sakan goma sha bakwai ta yi, daidai yadda ta ji a jikinta. Gaston ya ce a rage, amma shi Fermin ne ya nuna inda za a yanke, shi ya zaɓi numfashin da aka bari. Ba ta manta komai ba ranar nan a bakin kogi. Shi ya yi mata ƙarya a gaban mutum sittin, ya sake yi a ɗakin sauya kaya, ya ci gaba da yi kullum har yau. Ya so ya ƙara da cewa don kada a ƙwace mata fim ne, amma ya ji ba zai iya ba, sai ya ce, "Sunana na so in gani a allo."

Zulema ta zauna a hankali. Ta daɗe ba ta yi magana ba, wannan karon kuwa babu haƙarƙarin da zai duba ya san lokacin da za ta shigo, don ya kasa ɗaga ido.

"Likita biyu na gani," ta ce. "Sun sa kaina a inji, sun sa ni zana agogo kamar 'yar firamare. Duk sun ce lafiyata ƙalau. Ka san me na ce wa na biyun? Na ce masa, likita, kai yau ka fara ganina. Akwai wanda ya shekara tara yana ƙirga numfashina, shi ya ce na kuskure."

"Zule, ki zage ni. Don Allah ki zage ni."

"In zage ka ka ji sanyi? Ba zan ba ka wannan ba." Ta kalli agogon bango. "Ka san Renata?"

"Jikarki."

"Ni nake ɗauko ta daga makaranta Talata da Alhamis, tun tana aji ɗaya. Satin da muka gama ɗaukar nan na ce wa uwarta ta nemi wani. Tsoro na ji kada wata rana in tsaya da ita a tsakiyar titi in manta inda za mu. Ban gaya wa yarinyar dalili ba. Ta zaci don na zama 'yar fim ne na daina zuwa. Yanzu in na kira waya sai ta ce tana aikin gida."

Fermin kuwa duk tsawon watannin nan lissafinsa a kan waƙa ya tsaya, bai taɓa tunanin abin ya bi ta har gida ba.

Ta miƙe ta shiga ɗaki. Ya ji ƙarar durowa, ya ji ta ja tsaki tana neman takalmi. Ta fito sanye da jar kwat ɗinta, tana shafa jan baki ba tare da madubi ba.

"Huɗu da kwata suke tashi. In na yi sauri zan riga matar da ke ɗauko ta."

"Maganar ajiye wasan fa? Za ki fasa?"

"Wannan tsakanina da wasana ne, ba ruwanka."

"Ranar Alhamis in zo?"

"Ka zo mana, wa zai kaɗa? Amma ka riƙe idonka a kan takardarka." Ta ɗauki makulli, ta tsaya a bakin ƙofa. "Ka cire mini takardun nan kafin mu dawo, duka, kada yarinyar ta gani. In ka gama ka ja ƙofa. Ka tafi da biredinka."

Ya ji saukarta a matattakala, da sauri, ba ta ko jira lif ba.

Ya fara daga murhu. Ya bi durowa ɗaya bayan ɗaya, yana tara takardun a tafin hannunsa. Akwai a banɗaki, akwai a jikin madubi, akwai wadda ke cewa Renata shekararta takwas, ba ta cin albasa. Ta ƙarshe tana jikin bango kusa da waya, an ƙara mata salatif don kada ta faɗi. Ya gyara tabarau ya karanta.

Fermin, Dogo, mai sanƙo. Amininki ne. Duk ranar da kika rikice, shi za ki tambaya.

Ya daɗe tsaye a wurin. Amma ta ce duka, don haka ya sa farce ya fara ɓanɓaro gefen salatif ɗin.